Inda tela zai rage da inda ba zai rage ba: abin da na koya daga tufafin rawar balet na lokacin yaƙi

Ranar Lahadi 1 ga Yuni 1941 mutanen Ingila suka wayi gari da sanarwar cewa daga yanzu kuɗi kaɗai ba ya sayen tufafi. Ministan ciniki, Oliver Lyttelton, shi ya sanar. An ba kowane baligi tikiti 66 na shekara guda. Rigar mace ta ulu tana cin 11, wandon namiji 8, taguwa 5, safar mata 2. Ko yadi mutum zai yanka a kanti sai ya ajiye tikiti gwargwadon faɗin yadin. Da shekara ta zagayo aka rage zuwa 48, aka ci gaba da ragewa, kuma ba a janye dokar ba sai Maris 1949, kusan shekara huɗu bayan an daina harbi. A 1942 ma gwamnati ta shiga har cikin shagon tela, ta ƙayyade yawan aljihu da maɓalli da tattara, ta hana naɗe ƙafar wando.

A wannan ƙasa kuma a wannan lokaci akwai ƙungiyar 'yan rawar balet, wato rawar dandamali ta Turawa, mai suna Sadler's Wells, wadda ke hawa dandamali har sau tara a mako, alhali rawarsu tana cikin sana'o'in da suka fi kowace cin yadi. Ni aikina ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo na dandamali kaya. Balet ba rawarmu ba ce, shigarta ma ba irin tamu ba ce. Na haɗu da ita ne a wani kwas na tarihin tufafin dandamali, inda malamarmu ta haɗa mana aiki biyu: kowa ya ɗinka siket ɗin balet da hannunsa, kuma ya bi diddigin yadda masu wannan ɗinki suka yi a shekarun yaƙin duniya na biyu. Tambayar da na fito da amsarta ita ce wadda kowane tela ke fuskanta idan kuɗin aiki bai kai ba: ina za a rage, ina ne kuma ba a taɓawa ko da me?

Sai mutum ya ɗinka siket ɗin nan zai san abin da ke cikinsa. Turawa suna kiransa tutu, shi ne wanda ke tsayawa a miƙe daga ƙugun mai rawa kamar faifai. Ana farawa da ɗan wandon ciki na ƙyalle mai ƙarfi, a ja masa layuka, a bi layukan ana ɗinka raga hawa-hawa, goma zuwa goma sha biyu. Hawan ƙasa bai fi inci biyu ba, kowane na gaba ya ɗara shi, har na sama ya kai wajen inci 15. Kowane hawa sai an tattara shi, ragar ta ninka wurin da za ta zauna sau uku ko fiye. Daga ƙugu zuwa kwatangwalo akwai ɗamara mai faɗi, ita ke ɗauke da nauyin duka. Wasu suna zura waya a zagaye cikin ɗaya daga hawan tsakiya. Daga nan keke ya gama nasa, sai allurar hannu: a bi hawa-hawa ana kama su da sako-sakon ɗinki. In aka ja zare da yawa siket ya sandare, in aka sake shi ya zube. Rigar sama kuwa ba gaba da baya kawai ake yankawa ba, ƙyalle-ƙyalle ne, wani lokaci fiye da goma, da shafi na auduga mai kauri. A baya ba a sa zif, sai ƙugiyoyi layi biyu ko uku, domin 'yan rawa da yawa su iya sa riga ɗaya.

Ranar da aka duba aikinmu, Malama ba ta fara da saman siket ba. Kifa shi take yi, ta ja ɗamarar da hannu biyu, ta bi ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya da farce. Wadda ta sa rigar kuma sai ta ce mata, “Ɗaga hannuwanki sama. Ja numfashi, ki cika ƙirji.” Sai ta sa yatsa a hammata ta ji ko ɗinkin yana ja. Bayan nan ta kunna fitilun dandamali ta ce mana, “Ku je can kujerun baya ku zauna, ku faɗa mini abin da kuka gani.” Wata a cikinmu ta kashe kuɗi sosai a kan ƙananan duwatsu masu tsada, ta jera su da kyau, amma daga baya ba a ganin komai sai fari fat. Wata kuma ta yanka takardar alawa mai sheƙi manya-manya ta liƙa a kan ƙyalle mai duhu, nata ne ya riƙa walƙiya har ƙarshen zaure. Malama ba ta yi wani dogon bayani ba, cewa ta yi mu koma mu karanta labarin Oliver Messel.

Kafin a kai gare shi, akwai buƙatar a san inda siket ɗin ya fito. A 1832 a gidan opera na Faris, Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide da farin siket marar nauyi wanda ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, domin a ga ƙafarta sa'ad da take tashi a kan yatsu. Yadda aikin ƙafa ya riƙa ƙara wuya, haka siket ya riƙa hawa sama. A 1895 a birnin Saint Petersburg na Rasha, Pierina Legnani tana juyi 32 a kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake, abin da dogon siket zai ɓoye kuma ya hana. Wato ƙafar mai rawa ce ta yanke wa siket tsawonsa. Ragar kanta ta samu a wadace ne bayan da wani Bature mai suna John Heathcoat ya ƙera injin saƙa ta a 1809.

A wannan tarihin akwai labarin da ya tsaya mini a rai. Da fitilar gas ake haska dandamali a lokacin, harshen wuta a fili, kuma siket ɗin ƙyalle ne da iska. A 1859 hukumar Faransa ta sa doka cewa a riƙa jiƙa kayan wasa da wani magani mai hana kama wuta. Maganin yana sa ƙyalle ya yi tauri ya dushe, 'yan rawa suka tsane shi. Emma Livry, wadda Taglioni da kanta ta horar, ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin kanta, ba za ta sa siket mai magani ba. A Nuwamba 1862, wajen gwajin wasa, siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a Yuli 1863 tana da shekara 20. Ana yawan ba da labarin kamar taurin kanta ne ya jawo. Ni abin da na gani shi ne an sa yarinya ta zaɓa tsakanin kyan aikinta da ranta, alhali rufe fitilu da gyara maganin aikin masu gidan ne. Tun daga nan ba na sa wa ɗan wasa wani yadi sai na yanki ƙyallensa na kai shi bakin ashana na ga yadda yake ci.

Da yaƙi ya zo a 1939, kayan wannan sana'a ɗaya bayan ɗaya suka tafi soja. Siliki ya koma laimar da sojoji ke dira da ita daga jirgi, kuma dama mafi yawansa daga Japan yake fitowa. Nailan, wanda aka fara sayar da safarsa a duk faɗin Amurka a Mayu 1940, shi ma a 1942 aka karkatar da shi ga laima da igiya. Masaƙun leshi na Nottingham suka koma saƙa ragar ɓoye kayan yaƙi da gidan sauro na sojojin da ake kaiwa ƙasashe masu zazzaɓi, irin su Bama, inda dubban 'yan Arewa suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82. A jerin farko na dokar tikiti an bar wasu abubuwa kyauta: ragar leshi, zaren ɗinki, ribin da bai kai inci uku ba, baƙin yadin toshe taga saboda jiragen abokan gaba, da kayan gwanjo. Amma abu ya zama ba ya buƙatar tikiti daban, a same shi a kanti daban.

Ƙungiyar Sadler's Wells ma tun kafin dokar ta sha nata bugun. A farkon Mayu 1940 aka tura su Holan su yi wasa, ƙarƙashin shugabarsu Ninette de Valois. Ranar 10 ga wata sojojin Jamus suka shigo ƙasar, 'yan rawa na birnin Hague. Da ƙyar aka fitar da su ta tashar IJmuiden, a cikin ramin jirgin ruwan dakon kaya, zuwa Harwich. Rai ya tsira, amma labule da tufafi da takardun kiɗa na wasanni shida duk aka baro su can. Abin da ya faru da waɗannan wasanni bayan nan shi ya fi koya mini. Dante Sonata, wanda Frederick Ashton ya shirya a Janairun wannan shekara, ya koma dandamali ba da daɗewa ba, aka yi ta yinsa har yaƙi ya ƙare. The Rake's Progress sai 1942 ya dawo, bayan da mai zanensa Rex Whistler ya sake zana shi yana cikin kakin soja. An kashe Whistler a fagen yaƙi a Normandy ta Faransa a Yuli 1944. Checkmate ya jira har 1947. Horoscope kuwa, wanda aka fara a 1938, bai sake hawa dandamali ba har yau.

Da na karanta wannan sai na duba shagona. Kayan wasanni nawa na ɗinka waɗanda in yau suka ƙone ko ruwa ya ci su ba abin da zan kama in sake su sai abin da na tuna? Manyan gidajen wasa suna ajiye wa kowane wasa kundi: zanen kowace riga, awon wanda ya sa, ɗan ƙyallen yadin a liƙe, inda aka saya, da launin rini. Yanzu haka nake yi. Littafin makaranta ne mai bango mai kauri, sai hotuna a waya, kuma kwafi ɗaya ba ya kwana a shago.

Masu zane biyu ne suka ba da amsa biyu ga ƙarancin yadi, kuma amsoshin sun yi hannun riga. Ta farko Sophie Fedorovitch ce, haifaffiyar Minsk a 1893, wadda ta zauna a Landan ta yi aiki da Ashton tun wasansa na farko a 1926. Ita ta zana Dante Sonata. Babu siket mai hawa goma, babu takalmin tsayawa kan yatsu. 'Yan rawa suna fitowa ƙafa ba takalmi, gashi a sake, wani ɓangare cikin farare masu sauƙi, ɗayan cikin baƙaƙe, a bayansu labule mai 'yan layuka kaɗan. Wasan a kan kokawar haske da duhu yake, kuma an yi shi 'yan watanni bayan an mamaye Poland. A ganina sauƙin nan nasa yana cikin abin da ya sa aka iya tayar da shi da wuri bayan asarar Holan. A Afrilu 1946 ta sake yin irin wannan a Symphonic Variations: 'yan rawa shida, matan cikin gajerun fararen riguna, labule kore mai ratsin baƙaƙen layuka, minti 18 ba wanda ke fita daga dandamali. Duk telan da ya taɓa ɗinka farar riga marar ado ya san ita ce mafi wuya. Ba leshin da zai rufe kafaɗar da ta karkace, ba dutsen da zai ɗauke ido daga kalmasar da ta yi tudu. Fedorovitch ta rage komai, saboda haka dole yankan ya zama daidai, kuma ta samu masu yanka irin su Matilda Etches da suka iya.

Na biyu shi ne Messel ɗin da Malama ta tura mu gare shi. A lokacin yaƙi hafsa ne a sashen ɓad da kama na sojan Ingila. A yankin Somerset ya riƙa mayar da ƙananan gidajen kankare na masu bindiga su zama kamar tarin ciyawa, ko shagon shayi, ko kango, yadda mai kallo daga nesa ba zai gane ba. Da na ji haka sai na gane dalilin da ya sa aka ba mai zanen kayan wasa wannan aiki. Ilimin ɗaya ne: sanin abin da ido ke gani daga nesa, a ƙarƙashin wane haske, da abin da ba ya gani.

Babban gidan opera na Covent Garden ya shafe shekarun yaƙi a matsayin zauren rawar samari da 'yan mata. Da aka tashi maido shi, aka zaɓi Sadler's Wells ta buɗe shi da The Sleeping Beauty, wasan da ya ƙunshi fadar sarki, da fadawa, da aljanu, da biki, wato wanda ya fi kowanne son yadi. Aka ba Messel zanen. Kuma lokacin ne tikiti ya fi ƙaranci, don daga Satumba 1945 zuwa Afrilu 1946 guda 24 kacal aka ba kowa. Messel dama an san shi da haɗa ado daga abin da wani zai zubar: 'yar wayar nan mai gashi ta share lofe, ledar naɗi mai sheƙi, takardar alawa, tsumman wanke kwano, gilasan tsohuwar fitila. Yana murɗa waya ta zama kambi, ya shafa mata fenti, a ƙarƙashin fitila ta fi zinariyar gaske kama da zinariya, ga shi ba ta da nauyin da zai dami mai juyi. Ranar 20 ga Fabrairu 1946 aka ɗaga labule, Margot Fonteyn a matsayin gimbiya, Sarki George na shida da iyalinsa da firaminista Clement Attlee suna zaune. Waɗanda suka halarta sun riƙa ba da labarin warin kafur da ya cika zauren, saboda kowa ya zaro tsohuwar rigar bikinsa daga ƙasan akwati. Mutanen da suka yi shekara shida cikin toka-toka da faci suka ga fada mai launi a gabansu. A 2006 ƙungiyar, wadda yanzu ake kira Royal Ballet, ta koma ga wannan zanen nasa.

Na daɗe ina auna waɗannan biyun. Zuciyata ta fi karkata ga Fedorovitch, domin ina son aikin da ba ya ɓuya a bayan komai. Amma hannuna kullum aikin Messel yake yi, don daraktan da ya zo mini da wasan sarauta yana son alkyabba da rawani da kayan doki, kuɗin da ke hannunsa kuwa ba zai sayi karan-miski yadi biyar ba. Abin da na lura shi ne dukansu biyu a wuri ɗaya suka yi ragi, wato a abin da ɗan kallo ke gani. Ita ta cire shi, shi ya yi na jabu. Abin da jikin mai rawa ke ji kuwa, ɗamara da shafi da hammata da ƙugiya, ba a yin na jabunsa. Kambin waya ba ya cutar da kowa. Ɗamarar da aka yi da ruɓaɓɓen ƙyalle kuwa, in namiji ya ɗaga mace sama ya riƙe ta a nan, tana iya kai ta ƙasa.

Sai dai ban yarda da masu cewa rashi alheri ne ga mai fasaha ba. Na ji ana faɗin haka da daɗin baki, ana kawo waɗannan shekaru misali. Rashin ya ci Horoscope, yaƙin ya ci Whistler. An kwashe mazan ƙungiyar zuwa soja, har da Ashton wanda ya shiga sojan sama a 1941, aka riƙa cike gurbi da yara 'yan makaranta. An daɗe ana yawo gari-gari da piyano biyu a madadin makaɗa. Kuma ragin da aka yi a yadi, a jikin wasu mutane aka fanshe shi: matan ɗakin ɗinki da ke farke tsohuwar riga su juya ta, su rina, su sake sa wa raga sitaci, su yi faci a kan faci cikin dare ana jin ƙarar jiniya. Takalmin tsayawa kan yatsu, wanda ƙyalle ne da manne, yana iya mutuwa a wasa ɗaya, 'yan rawa suka riƙa cin bakinsa da zare suna ƙarfafa shi don ya ƙara kwana. Sunan mai zane yana kan takardar shiri, sunayen yawancin waɗannan mata ba ya ko'ina. Gwanintar da aka gani a 1946 tun kafin yaƙi take a hannunsu, yaƙin bai ba su ita ba, wahala kawai ya ƙara musu.

A Rasha ma an yi irin wannan. An kwashe ƙungiyar balet ta Kirov daga Leningrad zuwa Perm, wanda a lokacin ake kira Molotov, kuma a can, a ƙaramin dandamali cikin sanyin Disamba 1942, suka fito da sabon wasa, Gayane, mai kiɗan Aram Khachaturian. Faris kuwa labarinta ya fi nauyi a zuciya. Gidan opera bai rufe ba a ƙarƙashin mamayar Jamus, hafsoshinsu suna cika kujeru. A 1943 Serge Lifar, shugaban 'yan rawar gidan, ya fito da Suite en blanc, dandamali cike da fararen siket. Shekara guda kafin nan, a Yuli 1942, an kama Yahudawa kusan 13,000 a birnin cikin kwana biyu, kuma sana'ar ɗinki tana cikin waɗanda Yahudawan Faris suka fi yawa a ciki. René Blum, wanda ya kafa ƙungiyar balet a Monte Carlo, an kama shi a Disamba 1941, aka kashe shi a sansanin kisa na Auschwitz. Bayan an 'yantar da birnin an dakatar da Lifar bisa zargin haɗa kai da Jamusawa, ya dawo a 1947. Idan na ga hoton fararen siket ɗin nan ina ganin kyan ɗinkin, amma ba na iya raba shi da tambayar wa aka yi wa wasan, kuma wa ya ɓace daga ɗakunan ɗinki na garin. Tela ma yana da alhakin sanin wanda yake yi wa ado.

Bayan yaƙi nailan ya dawo kasuwa, ragarsa ta maye gurbin tsohuwar ta auduga wadda sai da sitaci take tsayawa. A Oktoba 1949 Sadler's Wells ta kai The Sleeping Beauty birnin New York da kayan Messel. A wannan birni akwai wata tsohuwar gwana, Barbara Karinska, haifaffiyar Kharkiv a 1886, wadda ta baro Rasha a 1924, ta yi ɗinki a Faris da Landan kafin ta ƙetara Amurka a 1939. A 1950, lokacin da yadi ya wadata kuma ba mai tambayarta tikiti, ta ɗinka wa mai shirya rawa George Balanchine kayan Symphony in C, sai ta rage. Siket mai waya idan 'yan rawa sun jeru kusa da juna yana karo da na maƙwabciya, yana ci gaba da lilo bayan mai shi ta tsaya. Karinska ta cire wayar, ta gajarta siket, ta mayar da hawa shida ko bakwai, kowane ya ɗara na ƙasansa da rabin inci, ta kama su sako-sako. Siket ya yi laushi, yana tsayawa sa'ad da mai rawa ta tsaya.

A rigar sama kuma ta yi abin da ya fi burge ni, ko da yake ba ɗan kallon da zai taɓa ganinsa. Ƙyallen gaba da na baya ta yanka su a miƙe yadda zare ya tafi, na gefe kuwa ta yanka su a karkace. Yadin da aka yanka a karkace yana ɗan miƙewa, saboda haka rigar tana kama jiki tsam amma haƙarƙari yana samun wurin buɗewa idan mai rawa tana haki. Na ɗauki wannan na kai shi aikina. A wani wasa da muka yi, akwai jarumar da ke gudu ta zagaye dandamali sannan ta tsaya ta rera waƙa, rigarta kuma dole ta kama jiki. Na yanka mata gefuna a karkace. Irin wannan yanka yana ɓarnar yadi, don kusurwoyi suna zubewa, sai da na ƙara kusan yadi guda a kan lissafin farko. Na gaya wa darakta, “Malam, kuɗin duwatsun wuyan nan zan mayar nan, wuyan kuma ka bar ni da shi.” Ya ɗan yi jim, ya ce in dai za a gani daga baya. Na yi wuyan da igiyar labule da fentin zinariya da gutsattsarin madubin roba, na sa ya je kujerar ƙarshe ya zauna, aka kunna fitila, jarumar ta yi gudunta ta tsaya ta ja baitin farko har ƙarshe da numfashi ɗaya.